Darasi na 9: Sawsawan, Ɗan Kwanon da ke Koya wa Yaro Sabon Ɗanɗano

Abin da darasin ya ƙunsa

A wannan darasi za mu leƙa ƙasar Filifin, mu ga wata al'adar cin abinci da mutanenta ke kira *sawsawan*. Daga nan za mu duba dalilin da ke sa ƙaramin yaro ya kau da kai daga abincin da bai saba da shi ba, da yadda wannan al'ada ke taimaka wa iyaye su shawo kansa ba tsawa, ba ɗure.

Kowa da kwanonsa

Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Babban birninta Manila, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 109. Shinkafa ce abincin safe da rana da dare, galibi fara sol, ba mai ba gishiri. Kifi ke biye mata, sai ganyaye da kaza da nama.

Baƙon da aka gayyata cin abinci a can zai lura cewa, ban da shinkafa da kifi, an ajiye wa kowa wani ɗan ƙaramin kwano, sau da yawa babu komai a cikinsa. A tsakiyar tebur ga kwalabe biyu ko uku, ga 'yan lemuka an raba su biyu-biyu, ga barkono. Kowa zai jawo kwanonsa, ya zuba wannan, ya matsa wancan, ya murƙushe barkono da bayan cokali, ya ɗanɗana, ya ƙara abin da bai ji ba. Abin da ya haɗa ɗin nan shi ne sawsawan. A ciki zai riƙa dangwala kifi ko nama ko ganye, loma bayan loma, ko ya ɗiga kaɗan a kan shinkafarsa. Mutum biyar a tebur ɗaya, tukunya ɗaya suke ci, amma abin da ke isa bakin kowa daban ne.

Marigayiya Doreen Fernandez, malama a Jami'ar Ateneo de Manila, wadda ta shafe shekaru tana rubutu a kan abincin ƙasarta har rasuwarta a 2002, ta ja hankalin mutane ga wannan batu. A ganinta, mai girki a Filifin ba ya ɗaukar cewa shi ne ke da magana ta ƙarshe a kan abincin da ya dafa. Ya yi nasa a murhu, mai ci kuma ya ƙarasa a tebur. Saboda haka uwargida ba ta jin an raina girkinta don an ƙara masa tsami ko gishiri a gabanta. Akwai ma abincin da da gangan ake barinsa salam. *Kare-kare* miyar gyaɗa ce mai kauri da ake yi da wutsiyar sa da ganyaye, kuma kusan ba a sa mata gishiri, domin an san kowa zai ɗebo nasa mahaɗin mai gishiri ya daidaita ta yadda yake so.

Ku riƙe wannan, domin a kansa aka gina darasin gaba ɗaya: a wannan tebur mai ci yana da ta cewa, ko da kuwa ɗan shekara huɗu ne.

Me ake zubawa a kwanon?

Ruwan khal ne kan gaba. Ƙasar tana da zafi da laima, abinci ba ya jimawa bai lalace ba, kuma tun kafin Sifaniyawa su kafa mulkinsu a 1565 mutanen tsibiran ke dafa kifi da nama da khal da gishiri don su daɗe. Kowane yanki da irin nasa. Mutanen Ilocos a arewa suna yin nasu da ruwan rake, mai duhu, ana kiransa *sukang Iloko*. Garin Paombong a lardin Bulacan ya yi suna da khal ɗin nipa, wata bishiya dangin kwakwa da ke tsirowa a bakin ruwa. Inda kwakwa ta yi yawa, da ruwan da ake tatsa daga furenta ake yi. A Iloilo kuwa sai a cika kwalba da khal, a jiƙa citta da tafarnuwa da barkono a ciki, a bar shi kwana da kwanaki ya tsumu. Wannan shi ne *sinamak*, abokin gasasshiyar kazar nan ta birnin Bacolod da ake kira *inasal*. Khal ba baƙo ba ne ga musulmi, domin ya zo a Sahih Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci.

Sai *toyo*, baƙin ruwan waken suya mai gishiri, wanda fatake 'yan ƙasar Sin suka kawo. Sai *kalamansi*, wani ɗan lemo da bai kai lemun tsami girma ba, bayansa kore, cikinsa ruwan goro, tsaminsa haɗe da ɗan ƙamshin lemun zaƙi. Idan aka matsa kalamansi a cikin toyo an sami *toyomansi*, wanda da wuya a shiga gida ko gidan abinci ba a same shi ba.

*Patis* da *bagoong* uwarsu ɗaya. Ana zuba ƙananan kifaye ko ƙananan jatan lande a randa ko durom tare da gishiri mai yawa, a rufe, a bar su watanni. Ruwa garai-garai mai launin zuma da ya taso sama shi ne patis, mai kaurin da ya kwanta kuma bagoong. Lingayen a lardin Pangasinan da Balayan a lardin Batangas sun shahara da bagoong, Malabon da Navotas da ke gefen Manila kuma da patis. Wanda bai saba ba, warin zai fara korarsa. Amma duk wanda ya san daddawa ya san wannan sirri: abin da ke da wari a hannu, idan ya shiga abinci shi ke fito da daɗinsa. Wannan daɗin yana da suna a kimiyya. A 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke haifar da shi, ya kira ɗanɗanon *umami*, kuma yau ana lissafa shi na biyar bayan zaƙi, tsami, gishiri da ɗaci.

Barkono da tumatir baƙi ne da suka zama 'yan gida. Daga Meziko suka iso, a manyan jiragen ruwan da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Akafulko da Manila daga 1565 zuwa 1815. Ƙaramin barkonon da aka fi murƙushewa a sawsawan sunansa *siling labuyo*, kuma yana da zafi ƙwarai. A kudancin ƙasar, Maranao, musulmin da ke zaune kewaye da tafkin Lanao da birnin Marawi, suna da nasu mahaɗin, *palapa*, da ake dakawa da wata irin albasa mai suna sakurab, da citta da barkono, wani lokaci a haɗa da soyayyiyar kwakwa.

Wanda yara suka fi ƙauna kuwa shi ne kecaf ɗin ayaba. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Maria Orosa, masaniyar kimiyyar abinci 'yar garin Taal, wadda ta yi karatu a Amurka ta koma gida da burin ganin ƙasarta ta rage dogaro da abincin gwangwani na waje. Tumatir ba shi da yawa, ayaba kuwa ko'ina, sai ta haɗa ayaba da khal da sukari da kayan ƙamshi. Ya bazu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ita kanta ta rasu a cikinsa a Manila a watan Fabrairun 1945. Har yau da shi yara ke cin soyayyiyar kaza da wainar ƙwai.

Me ya sa yaro ke ƙin sabon abinci?

Uwa ta ɓata lokaci ta yi girki, yaro ya kalla ya ce ba ya so, alhali ko taɓawa bai yi ba. Abin da ciwo, kuma nan da nan ake cewa taurin kai ne ko sangarta. Galibi ba haka ba ne.

Jariri yana zuwa duniya da son zaƙi da ƙin ɗaci. Nonon uwa zaƙi gare shi, yawancin tsirrai masu guba kuma ɗaci gare su, don haka wannan halitta kariya ce. Idan yaro ya fara tafiya, hannunsa ya fara kaiwa ga abin da uwa ba ta gani ba, sai wani tsoro ya ƙaru a kan wancan: tsoron duk abin da bai taɓa ci ba. Masana sun lura wannan tsoro ya fi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, daga nan ya riƙa raguwa. Shi ya sa yaron da yake cin komai yana ɗan wata goma zai iya rikiɗewa yana ɗan shekara biyu da rabi, ya ce shi dai shinkafa.

Maganin wannan tsoro sabo ne. A 1982 wasu masu bincike biyu a Amurka, Leann Birch da Diane Marlin, suka riƙa ba 'yan shekara biyu irin cuku da 'ya'yan itatuwan da ba su sani ba, wani sau kaɗan, wani sau da yawa. Abin da yaro ya fi yawan ɗanɗanawa, shi ya fi zaɓa daga baya. Binciken da ya biyo baya ya nuna sabon abinci kan buƙaci a gabatar da shi sau 8 zuwa 15 kafin yaro ya karɓe shi, alhali iyaye da yawa suna haƙura bayan gwaji uku zuwa biyar, su yanke hukunci cewa yaron ba ya so. An kuma gano cewa kallo kaɗai ba ya wadatarwa, sai abin ya taɓa harshe. Amma ba sai ya ci da yawa ba. Lasa ɗaya ma gwaji ce.

Tilas kuwa ɓata lamarin take yi. A wani bincike da aka buga a 2006, an riƙa matsa wa wasu yara su shanye miyar da aka ba su, wasu lokutan kuma a ƙyale su. Miyar da aka matsa musu a kanta ita suka fi ƙorafi da ita, wadda aka ƙyale su kuma ita suka fi ƙara sha a kwana a tashi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin har yanzu akwai gidajen da ake danne yaro a yi masa ɗure yana kuka. Ban da haɗarin ƙwarewa, wanda kan iya kai abinci cikin huhu, abin da yaron ke koya shi ne lokacin cin abinci lokacin faɗa ne. Uwar da ke yin haka ƙauna ce ta sa ta, tana tsoron ɗanta ya rame. Sai dai hanyar tana kai ta inda take gudu.

Inda sawsawan ya shigo

To, ga matsalar a taƙaice: ana so sabon ɗanɗano ya taɓa harshen yaro sau goma ko fiye, ba tare da an tilasta masa ba. Ɗan kwanon nan na mutanen Filifin kamar don wannan aka yi shi.

Dubi bambancin. Idan aka zuba sabon abu a cikin tukunya, ya gauraye ko'ina, yaro ba shi da mafita: ko ya ci duka ko ya ƙi duka, kuma galibi ƙi zai yi. Idan kuwa sabon abin yana gefe a ɗan kwano, shinkafarsa da kifinsa suna nan yadda ya san su, ba wanda ya taɓa masa. Ba abin da zai yi asara idan ya gwada. Shi zai zaɓi ko ya dangwala ko kada ya dangwala, ko ya tsoma gefen loma ko ya nutsar da ita duka. Idan bai ji daɗi ba, loma ta gaba sai ya ci gayanta. Yaro ɗan shekara uku yana cikin shekarun "ni zan yi da kaina", wajen sa takalmi, wajen wanke hannu, wajen komai. Sawsawan yana juya wannan hali ya zama mataimakin uwa. Ga shi kuma dangwalawa wasa ce, ga matsa lemo, ga motsawa da cokali, ga kallon launin ruwa yana sauyawa.

Akwai kuma dalili na harshe. Gishiri yana danne ɗaci. Masu girkin Filifin sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa suke murza *ampalaya* da gishiri su matse kafin su dafa. Ampalaya ɗan'uwan garafuninmu ne, kuma ɗacinsa ba wasa. Haka dafaffiyar kuɓewa da ganyen dankali da gasasshen yalo, da bagoong ko khal ko toyomansi ake cin su, ɗigon gishiri da tsami ya rufe bauri da ɗacin da ke korar yaro.

An gwada wannan dabara a kimiyyance, ko da yake ba da mahaɗin Filifin ba. A 2012 Jennifer Fisher da abokan aikinta na Jami'ar Temple da ke Filadelfiya suka buga sakamakon binciken da suka yi da yara 152 'yan makarantar reno. Sun riƙa ba su burokoli, wani koren ganye dangin kabeji mai ɗan ɗaci, wasu da abin dangwalawa, wasu babu. Yaran da harshensu ke saurin jin ɗaci, waɗanda su ne mafi yawa a cikin rukunin, sun ci kashi 80 cikin 100 fiye da takwarorinsu idan an haɗa musu da abin dangwalawa. Wasu binciken sun nuna cewa maimaitawa kaɗai, ko ba mahaɗi, tana sa yaro ya saba. Amfanin mahaɗi shi ne sauƙaƙa lomar farko, wadda ita ce mai wuya.

Mu ƙaddara wani gida a lardin Batangas da maraice. An soya kifi, an dafa shinkafa, an turara kuɓewa. Akwai kaka, wadda suke kira Lola, da uwa, Nanay, da yaya namiji, Kuya, da ƙaramar yarinya 'yar shekara huɗu wadda ba ta taɓa yarda ta ci kuɓewa ba. Uwar ta tura mata ɗan kwano da rabin kalamansi.

"'Yata, ga naki. Matsa da kanki, ki cire 'ya'yan."

Yarinyar ta matsa da hannu biyu. Uwar ta ɗiga mata toyo kaɗan, ta ƙara ruwa.

"Nanay, da tsami?"

"Taɓa ki ji."

Ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska, kowa ya yi dariya har da ita. Ta ɗauki tsokar kifi ta dangwala gefe ta ci. Kuɓewa tana gabanta, ba ta kalle ta ba, ba kuma wanda ya ce mata uffan. Yayanta ya ɗauki kuɓewa ɗaya ya tsoma a nasa kwanon ya cinye, ya ƙara wata.

"Kuya, ba yauƙi?"

"Kaɗan. Lola ma tana so."

A ranar ba ta ci ba. Abin lura shi ne ta lasa sabon ɗanɗano da hannunta, ta ga waɗanda take ƙauna suna cin kuɓewa da marmari, ta kuma tashi daga tebur ba da kuka ba. Yara sun fi kwaikwayon abin da suka ga ana ci a kan abin da aka ce su ci, kuma yaya ko sa'a na da tasiri sosai a wannan fanni.

Yadda za a gwada a gida

Ƙa'ida ta farko: baƙo ɗaya a lokaci ɗaya. A fara da abincin da yaro ya riga ya yarda da shi, kamar soyayyen kifi, dafaffen ƙwai, dankali ko doya, a ajiye sabon mahaɗi a gefe. Idan mahaɗin ya zama nasa, har yana nema, sai a juya: mahaɗin da ya sani, ganyen da bai sani ba. Karas, kokwamba, kabeji, kuɓewa, duk a yanka su dogo-dogo yadda ɗan hannu zai riƙe. Ga yaron da bai kai shekara huɗu ba a turara masu tauri irin su karas su yi laushi, saboda gudun shaƙewa. Bayan wani lokaci sai a riƙa rage mahaɗin, domin abin da ake nema shi ne ya san ɗanɗanon ganyen kansa.

Shawarata a fara da mai ɗan zaƙi, a wuce zuwa mai tsami, a bar masu wari irin patis da bagoong sai an yi nisa, barkono kuma ya zo a ƙarshe. Kalamansi ba ya samuwa a kasuwanninmu, amma lemun tsami da ɗigon lemun zaƙi yana maye gurbinsa. Toyo da patis ana samunsu a manyan kantuna na birane, kuma ko babu su darasin bai tsaya ba.

Kecaf ɗin ayaba na gida: a soya 'yar albasa da tafarnuwa ƙwaya 1 da ɗan gutsuren citta a mai kaɗan, a zuba nunanniyar ayaba 2 da aka murƙushe, da khal babban cokali 2, da tumatirin gwangwani babban cokali 1, da ruwa rabin kofi. A bar shi a wuta marar ƙarfi kamar minti 15 ana juyawa har ya yi kauri. Idan ayabar ta nuna sosai ba ya buƙatar sukari. Na kanti yana da sukari da yawa da jan launi, na gida ya fi dacewa da yaro.

Tumatir da albasa: a yanka tumatir 1 da 'yar albasa ƙanana-ƙanana, a matsa lemun tsami, a sa gishiri ɗan mitsitsi. Da irin wannan ake cin soyayye da gasasshen kifi a Filifin, kuma shi ne mafi arha.

Toyomansi na yara: toyo cokalin shayi 1, ruwan lemo cokalin shayi 1, tafasasshen ruwan da ya huce cokalin shayi 2. Wannan ya ishi yara biyu.

Khal da tafarnuwa: khal babban cokali 1, ruwa babban cokali 1, dakakkiyar tafarnuwa kaɗan, sukari a bakin cokali.

A bar yaro ya sa hannu wajen haɗawa. Kada a yi masa alkawarin alewa idan ya ci, domin hakan yana koya masa cewa ganye wahala ce, alewa ce lada. Idan ya tofar, a ba shi ruwa, a share, a ci gaba da hira. Bayan kwana biyu ko uku a sake kawowa kamar ba a taɓa yi ba.

Abubuwan kiyayewa

Gishiri ne babban abin tsoro, kuma a nan ba a sassauci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, yaro kuma ƙasa da haka. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta fayyace: ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2, ɗan shekara 4 zuwa 6 giram 3, ɗan shekara 7 zuwa 10 giram 5. Babban cokali ɗaya na toyo yana ɗauke da gishirin da ya haura giram 2, patis kuma ya fi haka. Ke nan cokali ɗaya ya cinye rabon ɗan shekara biyu na yini guda. Shi ya sa aka ce a sirka da ruwa da lemo, a zuba ɗan kaɗan, kuma babba ne zai riƙe kwalba. Ranar da za a ajiye sawsawan a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a tukunya, yadda masu kare-kare ke yi. Idan aka cika gishiri a tukunya aka kuma ƙara a kwano, an koya wa yaro son gishiri, wanda kan kai ga hawan jini idan ya girma.

Wannan darasi na yaran da suka haura shekara ɗaya ne. Jariri nonon uwa zalla yake sha har wata 6, kuma kafin ya cika shekara ba a sa masa gishiri ko toyo ko patis a abinci, ba a kuma ba shi zuma.

Kifi, jatan lande, waken suya, alkama da gyaɗa suna cikin abincin da jikin wasu yara ba ya karɓa, kuma toyo yakan ƙunshi waken suya da alkama tare. Idan bayan cin sabon abu aka ga borin jini, ko kumburin leɓe da fuska, ko amai, a dakatar a nemi ma'aikacin lafiya. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take. A kuma riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, domin akwai mahaɗan Filifin da asalinsu da hantar alade ake yi, kamar wanda ake ci da gasasshen alade.

Sai tsabta. A titunan Manila akwai masu tura keke suna soya curin kifi da *kwek-kwek*, wato ƙwan salwa da aka tsoma a kwaɓin fulawa mai launin ruwan lemo. Kowa zai soke nasa a tsinke ya tsoma a kwalbar miyar da jama'a ke tarayya a kanta, kuma dokar da ko yaro ya sani ita ce: abin da ka gatsa ba ya komawa cikin kwalba. A gida abin ya fi sauƙi, tunda kowa da kwanonsa. A wanke hannu da sabulu kafin a zauna, abin da ya rage a kwanon yaro kuma a zubar.

Kada a ɗauka cewa yaran Filifin duk masu son ganye ne. Su ma iyayensu suna fama da kayan zaƙi da abincin leda, akwai kuma yara da yawa da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Tun 1974 gwamnatin ƙasar ta ware watan Yuli a matsayin watan wayar da kai kan abinci mai gina jiki, kuma har yau makarantu na raya shi. Sawsawan dabara ce ta sabar wa harshe, ba ya maye gurbin wadataccen abinci. Yaron da ke ramewa, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo, ko yake ƙin kusan komai har da abin da ya saba ci, asibiti ya kamata a kai shi a duba.

Tambayoyi

1. Mene ne sawsawan, kuma wa ke haɗa shi?
2. Yaya ake samun patis da bagoong daga randa ɗaya?
3. Tsakanin waɗanne shekaru yaro ya fi tsoron sabon abinci, kuma me wannan tsoro ke kare shi daga gare shi?
4. Me ya sa sabon ɗanɗano a ɗan kwano ya fi sauƙin karɓuwa a kan wanda aka gauraya a tukunya?
5. Yaro ɗan shekara 5 ya sha toyo babban cokali ɗaya da rana. Kimanin giram nawa na gishiri ya rage masa a rabonsa na yinin?

Tattaunawa a aji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowa ya faɗi abin da ake yi a gidansu idan yaro ya ƙi abinci, da abin da hakan ke haifarwa. Idan kaka ko kishiya ko maigida na ganin ƙyale yaro ya zaɓa sangartawa ce, da wane lafazi za a yi musu bayani ba tare da an ɓata wa kowa rai ba?

Aikin gida

Ku zaɓi ganye ɗaya da wani yaro a gidanku ba ya ci, da mahaɗi ɗaya daga cikin huɗun da aka bayyana. Ku ja layi a littafinku gida uku: kwanan wata, abin da aka ajiye masa, abin da ya yi (bai kula ba, ya taɓa, ya lasa, ya ci). Ku riƙa gabatar masa sau uku a mako har mako huɗu, kuna rubutawa kowane lokaci, sannan ku zo da littafin aji a karanta tare.